Na gaji da Disqus a shafina na Hugo, shin zan iya kafa sabar sharhi ta kaina?

Wani ɗan'uwa malamin makaranta ne ya aiko da tambayar, ga ta a taƙaice. Yana da shafi da ya gina da Hugo, manhajar gina shafukan intanet, ya ɗora a GitHub Pages, wurin ɗora shafi na kamfanin GitHub, inda yake rubutu a kan tarihi da nahawun Hausa. Shekara huɗu ke nan Disqus ne ke riƙe masa sharhin masu karatu. Yanzu tallan da ke fitowa a ƙarƙashin rubutunsa ya dame shi, don ba shi ya zaɓe shi ba, masu karatu kuma suna kukan shafin ya yi nauyi yana shanye musu data. Ya ji an ce mutum na iya kafa sabar sharhi tasa, wato kwamfutar da ke kunne a intanet kullum tana karɓar sharhi tana adanawa. Yana so ya san wacce zai ɗauka, nawa za ta ci masa, kuma ko wanda ba injiniya ba zai iya riƙe ta.

Malam, za ka iya. Wanda ya iya gina shafi da Hugo har ya tura shi GitHub ya riga ya haye mafi wuyar koyon. Kafawar kanta aikin yammaci ɗaya ce, tsakanin la'asar da isha'i ka gama. Abin da nake so ka sani tun kafin ka biya ko sisi shi ne, wahalar ba a kafawa take ba, a riƙo take: tace abin da mutane suka rubuta, ajiye kwafin bayanai, biyan kuɗin haya a kan lokaci, da duba na'urar ko da ba ta yi kuka ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Don haka zan yi saurin wuce maganar girkawa, in daɗe a wuraren da na ga mutane suna faɗuwa, ni ma a ciki.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ake buƙatar wata saba daban. Hugo yana toya shafukanka ne tun a kwamfutarka, ya fitar da fayilolin HTML gamammu. GitHub Pages ba ya yin komai sai miƙa waɗannan fayiloli ga duk wanda ya nema, kamar yaron da aka ba takardun gayyata ya raba. Baki yake da shi, ba shi da kunne. Wannan ne ya sa irin waɗannan shafuka suke da sauri, suke da arha, kuma ɓarayin intanet ba su cika samun ƙofar shiga ba. To amma sharhi yana buƙatar mai sauraro: abin da zai karɓi rubutun mai karatu, ya adana, ya tuna a ƙarƙashin wane rubutu aka yi shi, gobe ya nuna wa wani. Shi ya sa kowane tsarin sharhi na tsayayyen shafi yake da sassa uku. Akwai ɗan guntun JavaScript da kake liƙawa a ƙasan shafi, akwai manhajar da ke zaune a wata na'ura dare da rana tana jira, sai rumbun da take zuba bayanan. A halin yanzu sassa biyu na ƙarshe suna hannun Disqus. Abin da kake nema shi ne ka dawo da su gidanka.

Kuma damuwarka tana da tushe. An kafa Disqus a 2007, a ƙarshen 2017 kamfanin tallace-tallace na Zeta Global ya saye shi. Tsarinsa na kyauta da talla yake tafiya, talla kuwa da bibiyar mai karatu yake tafiya. A shekarar ta 2017 kamfanin ya sanar cewa an sace bayanan asusu kimanin miliyan 17.5 daga wani tsohon rumbunsa na 2012. A 2021 kuma hukumar kare bayanai ta ƙasar Norway ta sanar da niyyar cin tararsa kuɗin ƙasar miliyan 25 saboda bibiyar masu karatu ba da izininsu ba. Ba wai Disqus ya fi sauran kamfanoni mugunta ba ne. Sana'arsa ce haka, kai kuma ka ga sana'ar ba ta dace da zaurenka ba.

Kafin zaɓen manhaja, yi abu ɗaya. Shiga Disqus ka ƙirga sharhin da aka yi maka a cikin wata goma sha biyu da suka wuce. Idan ba su kai ashirin ba, ni dai shawarata kada ka kafa komai. Sa adireshin imel a ƙasan kowane rubutu, wanda ya aiko da magana mai amfani ka nemi izininsa ka ƙara ta da hannunka. Ba kuɗi, ba tsaro, ba ciwon kai. Mutane da yawa suna kafa saba ne don sha'awar kafawa, bayan wata uku akwatin sharhin yana nan wayam kamar kasuwa ranar da ba ta ci. Idan kuwa kana samun goma ko ashirin a wata, kuma a cikinsu akwai masu gyara maka shekara ko kawo wata ruwaya da ba ka sani ba, to wannan dukiya ce, ta cancanci ɗakin kanta.

Manhajojin suna da yawa, amma waɗanda za ka riƙa cin karo da sunansu ba su wuce shida ko bakwai ba. Zan fara da waɗanda ba na ba ka shawarar ɗauka. Akwai utterances da giscus, masu ajiye sharhi a cikin GitHub, na farko a sashen Issues, na biyu a Discussions. Kyauta ne, ba saba, ba talla. Sai dai duk wanda zai yi sharhi dole ya mallaki asusun GitHub. Ga shafin masu rubuta manhaja wannan daidai ne. Ga dattijon da zai gyara maka nasabar wani sarki, ka rufe masa ƙofa ke nan. Akwai Commento, wadda aka rubuta da harshen Go kuma take buƙatar rumbun bayanai na PostgreSQL. Ta yi tashe a wani lokaci, daga baya aikin raya ta ya tsaya, wasu suka ɗauki tushenta suka ci gaba da sunan Comentario. Idan wannan zuri'ar ce ta burge ka, Comentario za ka nema, kada ka bi tsohon darasin da ka tsinta a intanet ka girka uwar, wato Commento. Akwai kuma Staticman, mai dabara ta daban: kowane sharhi yana zama ɗan fayil a ma'ajiyarka ta Git, inda fayilolin shafinka suke, ka amince da shi, Hugo ya sake toya shafin da sharhin a cikinsa. Dabarar tana da kyau ƙwarai, zan dawo kanta, amma haɗa ta yana da igiyoyi da yawa.

Biyun da suka rage su ne Isso da Remark42, kuma a tsakaninsu zaɓinka yake.

Isso wani Bajamushe ne, Martin Zimmermann, ya fara rubuta ta da Python. Sunan ma taƙaitawar wata jimlar Jamusanci ce mai nufin "in ba haka ba zan yi ihu". Rumbunta SQLite ne, wato duk sharhin shafinka fayil ɗaya ne tak da za ka iya kwafewa a filashi. Mai karatu ba ya buɗe asusu. Ya rubuta abin da zai rubuta, in ya so ya sa suna da imel, ya danna. Tana ba shi minti 15 ya gyara ko ya goge abin da ya rubuta. Tana da layin jira, inda sharhi ke tsayawa har sai ka amince. Tana kuma iya shigo da tsofaffin sharhi daga Disqus da WordPress.

Remark42 da Go aka rubuta ta, tana da nata rumbun a cikinta, kuma an fi tayar da ita ta Docker, manhajar da ke tayar da wata manhaja a cikin akwatinta. Ta fi Isso kayan ado nesa ba kusa ba. Mai karatu na iya shiga da Google ko Facebook ko GitHub ko Telegram ko imel, ana iya buɗe ƙofar shiga ba suna, akwai ƙuri'ar yabo da kushe, akwai sa hoto, tana aiko da sanarwa ta Telegram, tana kuma ajiye kwafin kanta kullum. Amma kowace ƙofar shiga ta wani kamfani sai ka je wurinsa ka yi rajista ka karɓo mabuɗi, kuma ƙarfinta ya fi a gogewa da toshe mutum bayan ya riga ya yi magana.

Ni Isso zan ce ka ɗauka, saboda wannan bambanci na ƙarshe. Kana rubutu a kan tarihi. Ka san abin da ke faruwa in aka taɓo asalin wani gari ko rikicin wata sarauta. Gara maganar ta tsaya a layi ka gani tukuna, da ta kwana a shafinka kana barci wani ya ɗauki hotonta ya watsa a WhatsApp. Dalili na biyu, masu karatunka a waya suke, kuma duk matakin da ka ƙara tsakaninsu da akwatin rubutu, wasu za su juya.

Yanzu inda za ta zauna. Za ka yi hayar ƙaramar saba, irin wadda ake kira VPS. Mafi ƙanƙanta a kamfanoni irin su DigitalOcean ko Hetzner tana kamawa wajen dala 4 zuwa 6 a wata, kuma ta yi wa Isso yawa ma. Kuɗin ba shi ne matsala ba, hanyar biyansa ce. Da dala ko yuro ake biya, kuma ka san yadda katin naira yake yi da biyan kuɗin waje, yau ya wuce gobe ya ƙi. Wani kamfani da na taɓa haya a wurinsa ya dakatar da sabata saboda katina ya ƙi wucewa, saƙonnin gargaɗinsu kuma suna shiga wani akwatin imel da na daina buɗewa. Sai da wani mai karatu ya kira ni na sani. Tun daga nan nake zuba kuɗin wata shida gaba ɗaya. Akwai kamfanonin gida masu karɓar naira, kuma ba laifi ka gwada su, sai dai ka tabbatar VPS ce ta gaske da za ka shiga ka girka abin da kake so, ba irin hayar da ake yi wa WordPress ba.

Wani zai ce maka ka ajiye Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfuta, a ɗaki ka huta da haya. A takarda abin yana da daɗi. A aikace kana buƙatar wuta da ba ta yankewa, sannan layin data na waya ba ya ba ka adireshin da za a same ka daga waje, sai ka bi ta rami irin Cloudflare Tunnel. In kana da sola da batir kuma kana son wasan, bismillah. In sharhi kake so ya yi aiki, yi haya.

Abu na gaba, suna. Idan har yanzu adireshinka na github.io ne, sayi domen naka tukuna, wato sunan adireshi na kanka. Sai ka ba sabar sharhin reshe a ƙarƙashinsa: in shafin shafinka.ng ne, ita ta zama sharhi.shafinka.ng. Wannan ba ado ba ne. Isso da kukis, 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauzar mai karatu, take gane cewa wanda ke son gyara sharhi shi ne ya rubuta shi, kuma tun 2020 burauzar Safari take toshe kukis ɗin da suka fito daga wani domen daban, wasu burauzoji ma sun bi sahu. In sabar tana ƙarƙashin domen ɗinka, 'yar gida ce, ba a tare ta. Haka kuma dole ta kasance a kan HTTPS, domin shafin da ke kan HTTPS ba zai yarda ya ɗauko kod daga inda ba tsaro ba. Satifiket ɗin kyauta ne daga Let's Encrypt, yana ƙarewa duk kwana 90. Yi amfani da Caddy, manhajar da ke karɓar baƙi ta miƙa su ciki, a gaban Isso, shi yake nemo satifiket ya sabunta da kansa, saitinsa layi biyu ko uku ne. Nginx ma yana yi, amma sai ka haɗa masa Certbot, mai nemo satifiket.

Fayil ɗin saitin Isso gajere ne. Ga zuciyarsa:

[general]
dbpath = /var/lib/isso/comments.db
host = https://shafinka.ng/
notify = smtp

[moderation]
enabled = true
purge-after = 30d

[guard]
enabled = true
ratelimit = 2
direct-reply = 3

Layin host shi ne mafi yawan abin da ke hana sabon shiga barci. Isso ba ta amsa wa kowane shafi sai wanda aka rubuta a nan, harafi da harafi. In ka rubuta shi ba www amma masu karatu suna shigowa ta www, akwatin sharhi ba zai fito ba, kuma ba za ka ga wani saƙon kuskure a fuskar shafin ba. Rubuta duka biyun, ko ka sa ɗaya ya riƙa tura mutane ga ɗayan.

Dubi purge-after kuma. Ma'anarsa duk sharhin da ya yi kwana 30 a layi ba ka taɓa shi ba, za a share shi. Ka tafi aikin Hajji, ko jarrabawa ta riƙe ka da makin takardu, ka dawo ka tarar an yi shara. Mai da shi kwana 90.

Sashen guard ne nake so mu daɗe a kai, don a nan ne saitin da aka yi domin Turai yake cutar da mu. Isso ba ta ajiye cikakken adireshin IP na mai sharhi, tana yanke ƙarshensa saboda sirri, abin yabo ne. Amma hakan na nufin tana kallon adireshi 256 da ke jere a matsayin mutum ɗaya. Ƙa'idar ratelimit ta ce wannan "mutum ɗaya" ba zai wuce sharhi biyu a minti ba. Ta direct-reply ta ce ba zai buɗe sabuwar magana fiye da uku a ƙarƙashin rubutu ɗaya ba. To kamfanonin layin waya suna fitar da dubban masu amfani ta 'yan adireshi kaɗan. Sakamakon haka, mutum uku masu layi iri ɗaya su yi sharhi a rubutunka, na huɗu ya zo a ce masa ya yi yawa, alhali bai taɓa buɗe baki ba. Shi kuwa ba zai aiko maka da ƙorafi ba, tafiyarsa zai yi. Tunda kana da layin jira, ɗaga direct-reply zuwa ashirin ko fiye, ratelimit kuma zuwa biyar ko goma.

Akwai ƙanin wannan kuskuren. Tunda Caddy ko Nginx ne ke tsaye a gaba, in bai miƙa wa Isso adireshin baƙon na gaskiya ba, za ta ga kowa daga 127.0.0.1 yake zuwa, wato daga cikin gida. Duniya gaba ɗaya ta zama mutum ɗaya. Caddy yana miƙawa da kansa, Nginx sai ka rubuta masa layin X-Forwarded-For. Na taɓa kwana biyu ina zargin manhajar, ashe layin nan ne na manta.

Sai imel. Amfanin notify = smtp shi ne duk sabon sharhi ya zo maka da mahaɗi biyu, na amincewa da na gogewa, ka danna daga waya ko kana cikin Keke Napep. Kada ka yi gigin aika imel kai tsaye daga sabarka. Kamfanonin haya da yawa sun toshe ƙofa ta 25, wadda imel ke fita ta cikinta, kuma ko ta buɗe, Gmail ba ya yarda da saƙon da ya fito daga sabon adireshi ba shaidar mai aikawa ta SPF ko DKIM, musamman tun da suka tsaurara ƙa'ida a Fabrairun 2024. Bi ta wani mai aika imel da aka sani, ko ka buɗe asusun Gmail na musamman ka ba Isso kalmar sirrin manhaja. Bayan ka gama, yi sharhin gwaji ka ga saƙon ya iso. Ka riƙa maimaita gwajin lokaci lokaci, domin in imel ya mutu ba ya sallama, kai dai za ka ga shiru ka ɗauka mutane ne suka daina karatu.

Game da saƙonnin shara, labarin ya fi yadda kake tsoro sauƙi. Yawancin bot-bot masu watsa tallan caca da maganin ƙarfi fom ɗin WordPress suke farauta, akwatin da JavaScript ke zanawa ba su cika ganinsa ba. Za su zo, amma kaɗan, kuma layin jira ya ishe su. Ba ka buƙatar wasan "zaɓi hotunan da ke da mota", wanda ke cin data yana korar dattawa. Isso tana karɓar Markdown, wato alamomin tsara rubutu, tana kuma tace HTML ɗin da bai kamata ba kafin ta nuna. Akwai saitin da ke ba ka damar ƙara abubuwan da za a bari su wuce. Kada ka taɓa shi, ko don hoto. Wanda ya sami damar cusa kod a akwatin sharhi, a burauzar masu karatunka zai yi ɓarnarsa, da sunan shafinka.

Sharar da ta fi wuya ta mutane ce. Zagi, ƙazafi, kafirta wani, ko sa lambar wayar wani don a dame shi. Tun ranar farko rubuta layi uku a saman akwatin: me ake karɓa, me ba a karɓa, kuma kai ne mai yanke hukunci. Kada ka gyara maganar mutum ka bar sunansa a kai. Ko ta wuce yadda take, ko kada ta wuce. Ni ba lauya ba ne, amma ka san cewa a 2015 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta goyi bayan hukuncin da aka yi wa kafar labarai ta Delfi a Estoniya saboda sharhin ƙiyayya da baƙi suka rubuta a shafinta. Babbar kafa ce ta kasuwanci, ba irin shafinka ba, amma ta nuna cewa "ba ni na rubuta ba" ba kullum take fitar da mai gida ba. A Najeriya kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama mutane da shi a kan abin da aka wallafa. Sannan akwai dokar kare bayanai ta 2023. Daga ranar da ka fara ajiye sunaye da imel na mutane, amana ce a hannunka. Mafi sauƙin hanya ita ce kada ka tilasta sa imel, ka faɗi abin da kake ajiyewa, wanda ya ce a goge nasa ka goge.

Yanzu kwashe kaya daga Disqus. A sashen gudanarwa akwai wurin fitar da sharhi, za su aiko maka da fayil ɗin XML a matse. Ka warware shi, ka ba Isso da umarnin import, ka fara yi a rumbun gwaji. Abin lura a nan shi ne yadda ake ɗaura sharhi da rubutu. Isso da hanyar adireshin shafi, wato abin da ke bayan sunan domen, take gane zaren sharhin kowane rubutu. A wurinta /tarihi/kano da /tarihi/kano/ wurare biyu ne daban. In a shekaru huɗun nan ka taɓa sauya tsarin adireshinka, wasu tsofaffin sharhi za su shigo rumbu amma ba za su bayyana a ko'ina ba, sai ka gyara hanyoyinsu da hannu. Don gaba kuma, ba kowane rubutu lamba ta dindindin a Hugo ka miƙa ta ta data-isso-id. Ni ban yi haka da wuri ba. Ranar da na cire kwanan wata daga adireshina don su yi gajarta, sharhin shekara biyu ya ɓace daga fuskar shafi a dare ɗaya. Yana nan a rumbu, amma sai da na bi zare ɗaya ɗaya ina ɗaurawa. Kuma kada ka rufe asusun Disqus sai ka yi wata guda kana ganin komai daidai.

Tunda da Hausa kake rubutu, gwada haruffa masu lanƙwasa tun ranar farko. SQLite ba ta da matsala da ƙ da ɗ da ɓ, UTF-8 take ajiyewa. Inda ake samun tangarɗa a zanen harafi ne: in fon ɗin shafinka ba shi da su, burauza za ta aro daga wani fon, sai ka ga ƙ ta fi 'yan'uwanta tsawo ko kauri. Masu sharhi a kan nahawu kuwa za su kawo wasula masu alamar karin sauti, wasu ma su kawo baiti da ajami. Rubuta sharhin gwaji da duk waɗannan ka duba a waya mai arha, ba a kwamfutarka kawai ba. Don ajami da Larabci, 'yar ƙa'idar CSS ta unicode-bidi: plaintext a kan sakin layin sharhi tana sa kowanne ya fuskanci inda ya dace. Kalmomin akwatin kansa, irin su "aika" da "amsa", lokacin da na kafa tawa babu Hausa a cikin harsunan Isso, amma fayil ɗin fassarar ƙarami ne, zama ɗaya ya isa. In ka fassara, tura musu su haɗa.

Akwai masu karatun da ba za su ga akwatin ba ko ka yi komai daidai, wato masu Opera Mini a yanayin matse data sosai, inda JavaScript ba ya aiki yadda ya kamata. A nan dabarar Staticman take da amfani ko ba ka girka ta ba. Ɗan gajeren kod zai iya zaro sharhin da ka amince da su daga SQLite ya zuba a jakar data ta Hugo, a toya su cikin shafin. Mai Opera Mini ya karanta ko da bai iya rubutawa ba, kuma ranar da saba ta faɗi tsofaffin sharhi suna nan. Ba aikin makon farko ba ne, amma ka sa shi a rai.

Na bar ajiyar kwafi a ƙarshe don ita ce ba a yafewa. Fayil ɗaya ne, comments.db, kuma in ya tafi babu kamfanin da za ka kira. Kada ka kwafe shi da cp yayin da Isso ke aiki, kana iya kama shi a tsakiyar rubutu ka ajiye gurgu. SQLite tana da umarnin .backup da aka yi don wannan. Sa cron, mai gudanar da aiki a kan lokaci, ya yi shi kowane dare, sunan fayil da kwanan wata, sannan kwafin ya bar sabar zuwa wani wuri, ko kwamfutarka ko wata ma'ajiya. Kwafin da ke zaune a na'ura ɗaya da asalinsa, ranar da aka dakatar da hayarka tare za su tafi. Haɗa da fayil ɗin saiti. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka wata rana da ba abin da ya lalace, ɗauko kwafin jiya ka tayar da Isso a kwamfutarka da shi, ka ga sharhin sun fito da idonka.

Sauran tsaron na'urar gajere ne. Shiga da mabuɗin SSH, hanyar shiga saba daga nesa, ka kashe shiga da kalmar sirri. Bar ƙofa 22 da 80 da 443 kawai a buɗe, Isso ta saurara a cikin gida a 8080. Kunna unattended-upgrades, mai sabunta manhajoji da kansa, in Debian ko Ubuntu ka ɗauka, kada kuma ka tayar da Isso a matsayin root, asusun da ke da cikakken iko a na'urar. In ka kunna shafin gudanarwarta, sauya kalmar sirrin da ta zo da ita kafin komai.

Lissafinka ke nan, Malam: dala 50 zuwa 70 a shekara na haya, da kuɗin sabunta domen, da 'yan mintuna kullum na duba layi, da kamar awa ɗaya a wata na duba sabuntawa da kwafi. In ka ƙirga sharhin bara ka ga sun cancanci wannan, fara da rubutu ɗaya tak. Sa Isso a ƙarƙashinsa, bar Disqus a sauran, ka roƙi mutum biyar masu waya daban daban da layi daban daban su gwada, ɗaya a cikinsu da Opera Mini. In wani abu ya ƙi, buɗe shafin a kwamfuta ka danna F12, ka kwafo jan rubutun da ka gani a Console ka turo min tare da fayil ɗin saitinka, bayan ka cire kalmar sirrin imel daga ciki.